Wa Zai Biya Kuɗin Fitila?

Na san da yawanku ci gaban labarinmu kuke jira, to ku gafarce ni, yau na ɗan ajiye shi gefe guda, domin akwai wani abu da ya faru da ni wanda ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, na ga gara in faɗe shi ko wani zai amfana. Wannan karon ni ce a cikin labarin, kuma ni ce mai laifi.

Motata tsohuwar Corolla ce 'yar Kwatano. Na saye ta a 2016, bayan na haɗa kuɗin littattafai da na adashi da ɗan abin da maigida ya cika mini. Tun ranar da ta shigo hannuna ban taɓa zuwa sabunta takardunta da ƙafata ba. Akwai wani mutum da aka haɗa ni da shi, irin masu zaman jiran nan a bakin ofis, duk shekara sai in aika masa da kuɗi da tsofaffin takardu, kafin la'asar ya aiko mini da sababbi a cikin leda. Ni kuwa sai in ninke su in jefa a ɗan akwatin gaban mota. A cikinsu akwai wata mai tambari, an rubuta inshora a samanta. A wurina amfaninta guda ɗaya ne tak, idan ma'aikaci ya tare ni a hanya in miƙa masa, ya duba gaba ya duba baya, ya ce a sauka lafiya. Shekara 7 ina haka, ban taɓa karanta ko layi ɗaya na abin da ke jikinta ba, ni da sana'ata rubutu ce.

Wata ranar Talata cikin watan Agusta na 2023, an sheƙa ruwa tun azahar, na fito daga Sabon Gari zan koma gida. Na hau titin Gidan Zu ke nan sai wayata ta yi ƙara a kan kujerar gefe. Wallahi ban ɗauka ba, ido kawai na kai in ga mai kira. Kafin in dawo da idona, ɗan adaidaita sahun da ke gabana ya ja ya tsaya zai sauke fasinja. Na taka birki iya ƙarfina, amma ina, titi duk santsi, motar ta ci gaba da zamewa sai ji na yi gwaram! Adaidaitar ta yi gaba ta hau gefen kwalbati, tayarta ta baya ta karkace.

Na fito jikina yana ɓari, ko mayafina ban gyara ba. Mutum biyu ne a bayan adaidaitar, wani dattijo da wata mata da goyo. Dattijon ya bugi ƙarfe da goshi, ya kumbura amma babu jini. Jaririn kuwa sai tsala kuka yake yi, uwar ta kwance shi tana duba hannuwansa da ƙafafunsa tana salati. Allah Ya tsare, tsoro ne kawai ya sa shi kukan. Motata fitilar dama ta tarwatse, bamba ta tsage ta sauko ƙasa. Adaidaitar kuma bayanta ya lotse, fitilunta sun zube, ga tayar nan da ta karkace.

Mai karatu ka san Kano. Kafin ka ce kwabo an kewaye mu, kotun bakin titi ta zauna, kowa alƙali. Wannan ya ce laifin ɗan adaidaita ne, ba sa ba da hannu in za su tsaya. Wancan ya ce a'a, wanda ya daki baya shi ne da laifi ko a ina. Can sai wani mai babbar riga ya ɗaga murya ya yanke hukuncin da aka saba yankewa, ya ce, "Kai yaro, wannan fa uwa ce a wurinka. Tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Tunda babu rauni a gode wa Allah, kowa ya je ya gyara nasa." Jama'a suka ɗauka, "Haka ne, a yi haƙuri, a yi haƙuri."

Ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji. Har na fara gode wa mai babbar rigar, hannuna ya kai kan ƙofar mota. Sai idona ya faɗa kan yaron. Ba zai wuce sa'an ɗana na fari ba. Tun da aka fara bai ce uffan ba, yana tsugune a gindin tayar nan yana shafa ta da hannu, ruwa yana ɗiga daga hularsa. Na matsa na ce, "Ɗana, ba ka ce komai ba." Bai ɗago ba ya ce, "Hajiya me zan ce? Manya sun yi magana. Mashin ɗin dai ba nawa ba ne. Kullum Naira 4,000 nake kai wa mai shi balas, ko na yi aiki ko ban yi ba."

Nan jikina ya yi sanyi. Wato haƙurin nan da ake ta rabawa kyauta a bakin titi, a aljihun yaron nan zai sauka. Ni ce na kalli waya, shi ne zai biya. Sai kuma na tuna da takardar nan mai tambari, na ji wani ƙarfi ya zo mini. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ina da inshora, su za su gyara masa. Na faɗa da ƙarfi yadda kowa zai ji. Na ba dattijon da mai goyon kuɗin mota da na magani, na karɓi lambar yaron, aka tura adaidaitar zuwa wani gareji da ke kusa.

Da daddare na kira ƙanena, shi ne ɗan bokon gidanmu, na ce ya zo ya nuna mini yadda ake karɓar kuɗi a wurin masu inshora. Ya zo bayan isha'i, ya karɓi takardar ya juya ta, ya ciro wayarsa. Ashe ƙungiyar kamfanonin inshora ta Najeriya tana da rumbun bayanai a intanet, kana sa lambar motarka zai nuna maka ko tana da inshora da sunan kamfanin da ranar ƙarewa. Ya sa lambar motata, babu. Ya sake sawa, babu. Ya ɗago ya ce, "Yaya, nawa kika ba mutumin nan na inshora bana?" Na ce Naira 5,000 kamar kullum, a watan Maris. Ya yi wata 'yar dariya da ba ta daɗi ba, ya ce, "Yaya, tun ranar 1 ga Janairu 2023 hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta mayar da kuɗin Naira 15,000. Duk wanda ya sayar miki a 5,000 a watan Maris, takarda da tawada ya sayar miki."

Washegari muka kira kamfanin da sunansa ke kan takardar, suka duba suka ce ba su san da wannan lambar ba. Mutumin nawa kuwa da na kira shi sai ya ce yana kan hanya zai kira ni, har yau yana kan hanyar. Araha dai ba ta ado. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ban san shekara nawa a cikin 7 ɗin nan na yi ina yawo da jabu ba.

Maigida da ya ji labari ya ce, "Ai dama na faɗa miki duk harkar inshorar nan ɓata kuɗi ce. Tun da aka ce kowa ya gyara nasa, da kin yi shiru." Na ce, "Alhaji, na riga na yi wa yaron alkawari a gaban mutane, kuma ko ban yi ba ni na buge shi." Ya yi shiru, can ya ce, "To Allah Ya rufa asiri." A watan ne na ɗauki adashi, Naira 200,000, na ajiye su don kuɗin makarantar yara da za a koma a Satumba. Su na kwance.

Ga yadda suka tafi, don har yanzu lissafin yana bayan wani littafina na rubutu. Gyaran adaidaita, da mai buga jiki da fenti da fitilu da abin da ya lanƙwashe a ƙafar baya, Naira 68,000. Kwana 6 ta yi a gareji, balas ɗin kwana 6 Naira 24,000. Sannan na ba yaron 3,000 a kowace rana na cefane, tunda ni na hana shi nema, 18,000 ke nan. Tawa motar, bakanikena ya shiga Ƙofar Ruwa ya samo fitila ta hannu a kan 45,000, gyaran bamba da fenti 40,000. Duka ya tashi Naira 195,000. Kuɗin makaranta kuwa sai da na je na roƙi alfarma aka raba mini shi gida biyu.

Kuɗin sun yi mini ciwo, amma ba su ne suka hana ni barci ba. Kukan jaririn nan ne. Ina kwance sai in riƙa ganin uwar tana juya ƙafafunsa. Fitila na iya biya, bamba na iya biya, balas na iya biya. To da a ce ƙafar yaron nan ce ta karye gida uku, ya yi wata 6 a kwance, da me zan biya? Da a ce goyon nan ya faɗo kan kwalta fa? Mun karanta a Islamiyya cewa diyyar kisan kuskure raƙuma 100 ce, kuma shari'a ba ta ɗora ta a kan mai kuskuren shi kaɗai ba, ta raba ta a kan danginsa na wajen uba, waɗanda ake kira aƙila, domin an san nauyi ne da wuyan mutum ɗaya ba zai ɗauka ba. Ni kuma ga ni ina tuƙa ƙarfe a cikin mutane kullum, ban tanadi komai ba sai takardar jabu.

Daga nan na sa ƙanena a gaba, na ce sai ya fahimtar da ni abin nan dalla-dalla kamar yana koya wa 'yar firamare. Abin da na gane shi zan gaya muku, a yaren da na gane shi.

Inshorar mota iri biyu ce wadda aka fi sani. Ta farko ita ce wadda doka ta wajabta, ta mutum na uku, wato wanda ka buge. Dokar ta samo asali tun 1945 zamanin Turawa, a 2025 kuma Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar inshora wadda ta haɗe tsofaffin dokokin, wajabcin yana nan daram. Wannan inshorar ba ta san fitilarka ba, ba ta san bambarka ba. Ko motarka ta koma kamar gwangwanin madara ba za su ba ka sisi ba. Aikinta shi ne biyan wanda ka yi wa ɓarna, a dukiyarsa ko a jikinsa ko a ransa. Lokacin da aka ƙara kuɗinta zuwa 15,000 a 2023, an ƙara iyakar abin da za ta biya na ɓarnar dukiya daga Naira miliyan 1 zuwa miliyan 3 ga motar gida. Wato da takardata ta gaske ce, gyaran adaidaitar yana cikin haƙƙinsu, fitilata kuwa tawa ce ko ana ha-maza ha-mata.

Ta biyu ita ce ta gaba ɗaya, wadda ta haɗa da motarka kai kanka, haɗari da gobara da sata. Ita kuma a tsarin 2023 ba a sayar da ita ƙasa da kashi 5 cikin 100 na darajar motar. Bakanikena ya ce tawa za ta yi miliyan 4 a lokacin, wato Naira 200,000 duk shekara. Kuma ko ka biya, akwai wani kaso da aka rubuta a yarjejeniyar wanda kai za ka fara cirewa daga aljihunka a kowane gyara, su cika sauran. Idan gyaran ƙarami ne, kason naka ya cinye rabinsa ko ma duka. Sannan wasu kamfanonin suna yi wa wanda shekara ta zagayo bai nemi biya ba rangwame, ka ga ke nan in ka kai musu kukan madubi ka zubar da rangwamenka. Abin da ya lalace don tsufa kuwa, taya da batir da birki da injin da ya fara shan mai, babu inshorar da ke ɗaukarsa, naka ne.

Sai kuma maganar lokaci. Kamfani ba ya biya da baki. Sai ka sanar da su da wuri, ka ɗauki hotuna, ka cike takarda, ka kawo ƙiyasin bakanike, wani lokaci da rahoton 'yan sanda, su turo mai dubawa ya gani da idonsa. Idan ka riga ka gyara kafin su gani, ko ka yi sulhu a bakin titi ba da saninsu ba, suna iya cewa ba ruwansu. Na tambayi kaina, da takardata ta gaske ce, zan bar yaron nan yana ƙirga balas yana jiran mai dubawa? Ina jin da na kira su a ranar, na ɗauki hotuna, amma balas da cefane dai daga jakata za su fito, don cikin yaro ba ya jiran sa hannun manaja.

Wannan ne ya sa na raba abin gida biyu, kuma a kan haka nake har yau. Ƙaramin gyara, irin su madubi da fitila da ƙarcewar fenti, daga aljihuna. Na buɗe wa motar asusu, gwangwani ne na gaske a cikin durowa, duk Juma'a ina jefa abin da ya sauƙaƙa. Inshorar gaba ɗaya ban saya ba, domin a tsohuwar mota irin tawa kuɗinta na shekara ɗaya ya ninka abin da na kashe a fitila da bamba. Wanda motarsa sabuwa ce, ko da bashi ya saye ta, ko ita ce jarinsa kacokan, lissafinsa daban ne, shi kam ya dube ta da kyau, don in aka sace ta gwangwani ba zai sayo masa wata ba. Amma ta mutum na uku, wannan na je da ƙafata har ofis na biya 15,000, ban fito ba sai da na sa lambar motata a waya na ga sunana ya fito.

Na san akwai masu cewa inshora caca ce ko riba ce, maigida ma ya taɓa faɗa. Malamai sun yi magana a kai, ni ba malama ba ce. Abin da na yi dai shi ne na nemi ta Musulunci, wadda ake kira takaful. NAICOM ta fitar da ƙa'idojinta a 2013, a 2016 kuma aka ba kamfanonin takaful na farko lasisi. Tsarinta shi ne abin da kowa ya zuba gudummawa ce a asusu ɗaya, wanda tsautsayi ya faɗa wa a biya masa daga ciki, kamfani ya ɗauki ladan kula da asusun, in an samu rara a ƙarshe a raba wa masu zubi. Da aka yi mini bayani sai na ce ashe gayya ce aka sa mata kwat. Idan kuma kamfani ya karɓi kuɗinka ranar biya ya fara kwana-kwana, hukumar tana da sashen karɓar koke. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Da 'yan sanda suka fara matsa wa masu mota a kan inshorar nan daga ranar 1 ga Fabrairu 2025, na ga ƙawayena suna ta rububin neman takarda a wurin irin mutumina na da, kowa tana cigiyar inda ya fi araha. Na gaya wa wadda za ta ji. Wata ta ce, "Ke dai, ba don a nuna wa 'yan sanda ba ne?" Na ce ni ma haka na ɗauka har sai da na ga yaro a tsugune a gindin taya.

A cikin azumin 2025 aka jarraba ni ta ɗaya ɓangaren. Ina tsaye a danja wajen Kabuga, wani mai babur ɗauke da buhunan ruwan leda ya kutso ta tsakanin motoci, ya tafi da madubina na hagu. Ya tsaya, ya sauko yana rawar jiki, leɓensa a bushe, dattijo ne ma ya girme ni. Nan da nan kotu ta zauna, wannan karon kuma hukuncin ya juya, aka ce lallai sai ya biya, ganganci ne. Na dubi madubin yana lilo a jikin waya, na dubi buhunan ruwan da ko an sayar da su duka ba za su sayi rabinsa ba. Na ce, "Baba, hau babur ɗinka ka tafi, Allah Ya kiyaye gaba." Da na koma gida na buɗe gwangwanina, washegari bakanike ya ɗaura wani. Ban kira kamfani ba, don ba hurumin takardata ba ne, ban kuma ji ciwon kuɗin ba tunda dama don haka na tara su.

Ban faɗi wannan don a yabe ni ba, kun dai ji yadda na kusa shigewa mota in bar yaro da balas. Abin da na lura da shi ne kawai, haƙurin da muke ba wa juna a kan titi abu ne mai kyau, yana kashe wuta, yana hana zuwa ofishin 'yan sanda a kan abin da bai kai ya kawo ba. Sai dai kafin a ce kowa ya gyara nasa, a duba wa ke da abin gyarawa. Mai hali ya yafe wa marar hali, wannan sadaka ce. Amma a taru a sa marar hali ya yafe wa mai mota don ta girme shi ko don ta sa leshi mai tsada, wannan kam zalunci ne, ko da an rufe shi da addu'a.

Takardar jabun tana nan ban yar ba, na sa ta a cikin littafin da lissafin 195,000 yake. Don Allah mai karatu, in kana da mota ko adaidaita ko babur, in kin san maigida yana da ita, yau ɗin nan a buɗe ɗan akwatin nan a ciro takardar, a sa lambar a waya a gani. Minti biyu ne.

Allah Ya tsare mu da tsautsayi da asara, Ya hana mu ɗaukar haƙƙin wani zuwa kabari. Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu koma kan labarinmu daga inda muka tsaya.

Taku har kullum.